Tarihin tseren Brad Binder da yaron Aboabo da yake son bin sahunsa

Kawun Yara, Aboabo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar tseren babur, domin wata magana ta taso a gidanmu wadda ta fi ƙarfin sanina. Ɗan ƙanwata, wanda yake hannuna tun rasuwar mahaifinsa, yana da shekara 17, kuma yana koyon gyaran babur a Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi ta Ghana. Yaro ne mai hannu, mastansa ma yana yaba shi, amma tun bara ya ɗora wa kansa kallon tseren MotoGP, babbar gasar babura ta duniya, a waya, har ta kai ranar Lahadin da ake tsere ba ya jin kira sai an ɗaga murya. Yanzu ya fito fili ya ce shi sana'ar da yake so ke nan, kuma duk lokacin da na ce masa wannan wasan Turawa ne, sai ya kawo mini sunan wani Brad Binder, ya ce ai ɗan Afirka ne kuma ya ci duniya.

Ba na son in hana yaro abu bisa jahilci, ba na kuma son in sa masa rai a kan abin da babu shi. Saboda haka ina roƙon wanda ya sani ya bayyana mini ko wane ne wannan mutum, daga ina ya fara, shekara nawa ya ɗauka kafin ya kai inda yake, kuma wa ya ɗauki nauyinsa. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne ko gudun da yaranmu suke yi a titi ranar Sallah, daga Aboabo zuwa Asawase suna ɗaga tayar gaba, yana da wata alaƙa da wannan sana'a, domin shi yaron yana ganin kamar a nan ake farawa.

Malamin Lissafi, Asawase

Wa alaikumus salam, Kawu. Yaronka bai yi ƙarya ba, sai dai ƙarshen labarin ya ba ka, ya bar farkonsa. An haifi Brad Binder ranar 11 ga Agusta 1995 a garin Potchefstroom na Afirka ta Kudu. Yana ɗan shekara 8 ya fara tsere da ƙananan motocin nan na yara, yana shekara 10 ya koma kan babur, kuma duk wannan a filayen tsere ne da aka keɓe, masu alƙalai da masu tuta da motar asibiti a tsaye. A 2009, yana shekara 13, ya samu shiga Red Bull Rookies Cup, gasar da ake tara yara daga ƙasashe daban-daban a ba su babura iri ɗaya na kamfanin KTM, su yi tsere a filayen Turai a ranakun da manya suke nasu, domin masu tawagogi su gan su da idonsu. Shekara uku ya yi a cikinta kuma bai ci kofin ba. Babur ɗin masu gasar ne suke bayarwa, amma kai-komo tsakanin Afirka ta Kudu da Turai a wuyan iyali yake, kuma a nan ne yara da yawa masu baiwa suke tsayawa.

Gasar duniya hawa uku ce. Na ƙasa shi ne Moto3, mai inji 250 da silinda ɗaya, sai Moto2 a tsakiya, sannan MotoGP a sama. Binder ya ɗanɗana gasar duniya a 2011, ya zama cikakken ɗan Moto3 a 2012, kuma shekaru ukun farko ya yi su ne a ƙananan tawagogi, wani lokaci a kan babur ɗin Mahindra na Indiya wanda bai kai na KTM da Honda gudu ba. A duk waɗannan shekaru bai shiga goman farko a teburin ƙarshen kaka ba, kuma sai a 2014 ya fara hawa dandamalin ukun farko, lokacin da ya zo na biyu a Sachsenring ta Jamus. Ka sani kuma, Kawu, a wannan mataki yawancin mahaya ba albashi suke karɓa ba, su ne ma suke kawo wa tawaga kuɗi daga iyayensu ko daga kamfanonin da suka yarda su manna tambarinsu a jikin babur. Albashi mai kauri sai can sama.

Ƙofa ta buɗe masa a 2015, da Aki Ajo, wani mutumin Finlan da ya shahara wajen renon matasan mahaya, ya ɗauke shi a tawagarsa ta KTM. Abin da ya fito da sunansa kuwa ya faru ne a Jerez ta Sifaniya cikin Afrilun 2016, kuma ina son yaronka ya nemi wannan tsere ya kalle shi da natsuwa. Binder ya yi gudun share fage mai kyau, amma masu bincike suka samu cewa tsarin da aka ɗora a kwamfutar injinsa ba wanda aka amince da shi ba ne, sai aka mai da shi can ƙarshen layi, ya tashi a matsayi na 35. A Moto3 babura kusan ƙarfinsu ɗaya, saboda haka mahaya suna tafiya ne a dunƙule, kowa yana fakewa a bayan na gabansa don ya kauce wa iska, wanda kuwa ya rabu da ayari da wuya ya sake kamo shi. Binder ya ratsa mutum talatin da 'yan kai, ya fito ya tarar ukun farko sun yi nisa, ya bi su shi kaɗai ba mai tare masa iska, ya kamo su, ya wuce, har ya ba na biyu ratar fiye da daƙiƙa uku. Wannan ita ce nasararsa ta farko a gasar duniya, bayan shekara huɗu cur yana cikinta, kuma rabon da ɗan Afirka ta Kudu ya ci tseren gasar duniya tun 1981. A wannan kaka ya ci tsere 7, ya ɗauki kambun duniya a Aragon tun da sauran tsere huɗu, ya gama da ratar maki 142. Kafin shi, Kork Ballington da Jon Ekerold ne kaɗai suka kai wa ƙasar kambu, na ƙarshe a 1980.

Da ya hau Moto2, tun a wurin gwaji a Valencia cikin Nuwamban 2016 ya faɗi ya karya hannun hagu, karayar da ta ƙi warkewa da wuri har ta sa ya rasa wasu tseren a 2017. Ya zo na uku a 2018, ya zo na biyu a 2019, inda ya ci tsere ukun ƙarshe a jere amma Alex Marquez ya tsira da kambun da maki 3 kacal. Daga nan KTM ta hau da shi MotoGP, kuma ranar 9 ga Agusta 2020, a tserensa na uku a wannan aji, ya ci na Brno a Jamhuriyar Cek, a fili babu 'yan kallo saboda korona. Ita ce nasarar farko ta KTM a MotoGP, kuma ta farko ga ɗan Afirka ta Kudu a babban aji. Idan ka ƙirga daga ranar da ya fara tsere yana yaro zuwa wannan rana, shekara 17 ne, wato daidai da shekarun ɗan ƙanwarka a duniya.

Game da gudun ranar Sallah, ba shi da wata alaƙa da wannan tsani, kuma babu mai tawagar da zai dubi bidiyon ɗaga taya ya ɗauki yaro. Abin da suke dubawa shi ne lokacin zagaye a takarda, da ko yaro zai iya maimaita shi sau ashirin ba tare da ya kauce da rabin daƙiƙa ba.

Mastan Babura, Suame Magazin

Kawu, sannu da ƙoƙari da maraya, Allah ya ba da lada. Malam ya kawo tarihi, ni kuma zan yi magana ta ɓangaren ƙarfe tunda shi na sani. Boxer da yaranmu suke okada da ita, mai inji 150, ƙarfinta bai wuce doki 12 ba. Babur ɗin MotoGP inji 1000 ne mai silinda huɗu, ƙarfinsa ya kusa doki 300, kuma doka ta ce nauyinsa kada ya gaza kilo 157. Shi wannan Binder ɗin ne ya kafa tarihin gudu a Mugello ta Italiya a 2023, kilomita 366.1 a awa, gudun da in da za a iya riƙe shi a hanyar Accra, da mutum ya bar Kejetia a Kumasi ya isa Circle a Accra cikin minti arba'in da 'yan kai. Amma wanda ya kalli tsere da idon bakanike ya san cewa murɗa totur a miƙaƙƙen layi kowa ya iya. A wurin birki ake rabuwa, da shiga kwana, da yadda mutum zai lallaɓa tayarsa ta kai shi zagayen ƙarshe da sauran ƙarfinta.

Malam ya tsaya a Brno, to ni tseren da ya fi burge ni shi ne na Ostiriya a Agustan 2021, domin a nan ake ganin mutumin da ya san abin da yake ƙarƙashinsa. Idan fili a bushe yake, taya sumul suke sawa, wadda ba ta da zane ko ɗaya, kuma sai ta ɗauki zafi sosai sannan take kama kwalta. Faifan birkinsu kuma na kabon ne, shi ma sai da zafi yake ci, idan ya huce sai ka matse hannu ka ji kamar babu kome. Kowane mahayi yana da babur biyu, kuma idan ruwa ya sauko ana cikin tsere, doka ta yarda ya shiga gareji ya sauka daga wannan ya haye wancan mai tayar ruwa. A ranar, ruwa ya tsananta saura zagaye uku. Mahayan da suke gaba, Marc Marquez da Bagnaia da Martin da Quartararo da Mir, duk suka karkata suka shiga canja babur, Binder kuwa da yake tare da su ya miƙe abinsa. Lissafin da ya yi a cikin daƙiƙa ɗaya shi ne, shiga gareji yana cin lokaci mai yawa, zagayen da ya rage kuma kaɗan ne, saboda haka idan ya iya tsayawa a kan babur ɗin ko da rarrafe ne, ba za su kamo shi ba.

Wanda ya ga zagayen ƙarshe ya ga abin tausayi da ban mamaki a haɗe. Taya ta huce, birki ya daina ci, babur yana ta zamewa ko a miƙe yake, har ya fita daga layin fili, amma duk da haka ya ƙetare layin ƙarshe da ratar kusan daƙiƙa 13 a gaban Bagnaia. Marquez da ya canja zuwa tayar ruwa ma ya faɗi. Masu cewa sa'a ce suna da tasu hujja, domin da ruwan ya ƙara ƙarfi da minti ɗaya da labari ya sha bamban, amma akwai wasu da su ma suka ƙi shiga gareji a ranar, kuma waɗanda suka canja taya suka tattake su kafin layi.

Yanzu ga shawarata, kuma na san ba za ta yi wa yaron daɗi ba. A shekara 17, wanda bai taɓa zagaya filin tsere ba ya makara ga kujerar mahayi, domin sa'o'insa a Sifaniya da Italiya sun fara tun suna shekara biyar ko shida. Amma bayan kowane mahayi akwai shugaban ma'aikata, da mai karanta bayanan kwamfuta, da mai kula da shokozoba, da mai taya, da makanikai da za su iya wargaza babur ɗin da ya faɗi da yamma su tashe shi kafin gari ya waye. Waɗannan mutane kowane noti da sifana mai awo suke ɗaure shi, su rubuta. Mu kuwa a Magazin, ban cire kaina ba, da ji muke ɗaurewa, yaro ya hau sifana da ƙafa har sai zaren noti ya mutu. Idan yaronka da gaske yake son wannan duniya, ya koyi wayarin, ya koyi injin da ba ya amfani da kafireto, ya koyi karanta na'urar gano cuta, ya riƙe Turanci da lissafi. Kuma ya sani Boxer da yake kwancewa kullum ba bare ba ce a wannan labari, domin kamfanin Bajaj na Indiya da yake ƙera ta ya sayi hannun jari a KTM tun 2007, kuma lokacin da bashi ya kusa durƙusar da KTM a ƙarshen 2024, Bajaj ne ya zuba kuɗin ceto a 2025.

Kawun Yara, Aboabo

Malam da Masta, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na karanta wa yaron, sai ya ɗauko wani bidiyo ya nuna mini mahaya suna gudu a tsakiyar gari, ga gidaje, ga katanga, ga turakun wuta a gefe, ya ce to wannan fa, ai a titi ake yin sa. Ina neman ƙarin bayani, domin a nan ya ɗaure ni.

Malamin Lissafi, Asawase

Kawu, bisa kwatancenka wannan tseren Isle of Man TT ne, ko wani irinsa na Ailan ta Arewa. Ana yin sa ne a wani tsibiri tsakanin Ingila da Ailan tun 1907, a kan titunan gari da na ƙauye da na kan dutse, zagaye ɗaya kilomita 60 da 'yan kai. Amma ka gaya masa cewa rufe titunan ake yi da doka, a zuba ɗaruruwan masu tsaro da likitoci da jirgi mai saukar ungulu, mahaya kuma ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu da ratar daƙiƙa goma, kuma ba a barin baƙo ya shiga sai yana da lasisin tsere da tarihin gasa a bayansa. Duk da wannan shiri, fiye da mutum 260 sun mutu a wannan hanya. Giacomo Agostini, mai kambun duniya 15, ya daina zuwa bayan mutuwar abokinsa Gilberto Parlotti a 1972, kuma bayan 1976 aka cire tseren daga gasar duniya gaba ɗaya. Joey Dunlop ya ci shi sau 26, ya rasu a wani tseren titi a Estoniya a 2000. Ɗan'uwansa Robert ya rasu a kan babur a 2008, ɗan Robert mai suna William ya bi su a 2018, ɗayan ɗan kuma, Michael, shi ne ya wuce adadin Joey a 2024. Binder ba wannan reshe yake ba, shi na filin da aka gina don tsere ne.

Hajiya Ma'aikaciyar Jinya, Tafo

Kawu, ka yi mini haƙuri in shigo maganar maza, amma aikina ya ba ni haƙƙin magana. Ina aiki a ɗakin haɗari na wani asibiti a nan Kumasi, kuma daren Sallah ba ma ganin hutu. Ana kawo mana yaro da sabuwar shaddarsa da ko wanki ba ta gani ba, mu sa almakashi mu yanka ta don mu kai ga ƙashin da ya fito, ƙafa ɗaya da silifa ɗaya babu, kai kuwa babu hular kwano, uwa tana bakin ƙofa da lallen Sallah a hannunta. Sau da yawa ma wanda aka kwantar ba shi ne mai tuƙin ba, wata yarinya ce da aka aika kai abinci maƙwabta.

Shi wancan da yaronka yake kallo, idan ya faɗi a gudun da ya ninka na Boxer sau biyu ya tashi yana kakkaɓe jiki, akwai dalili. Rigar fata ce a jikinsa daga wuya har idon sawu, da farantin kare gadon baya, da safar hannu da takalma na musamman, kuma tun 2018 doka ta wajabta jakar iska a cikin rigar, wadda take kumbura kafin mutum ya taɓa ƙasa. Gefen kowace kwana an bar fili an zuba tsakuwa don ta tsai da mai zamewa, babu kwata, babu aboboya, keken kaya mai ƙafa uku, da ta tsaya sauke kaya, babu pragya, keken fasinja mai ƙafa uku, da zai juyo ba sigina. Kuma da duk wannan ana mutuwa. A 2021 kaɗai an rasa yara uku a filayen Turai: Jason Dupasquier mai shekara 19 a Mugello, Hugo Millan mai shekara 14 a Aragon, da Dean Berta Vinales mai shekara 15 a Jerez, kuma dukkansu faɗuwa suka yi a tsakiyar ayari na baya suka bi ta kansu. Wannan ne ya sa hukumar babura ta duniya ta ɗaga shekarun shiga Moto3 daga 16 zuwa 18 tun daga 2023, ta kuma rage yawan mahayan da ake saki a ƙananan gasa.

Ni ban ce a raba shi da babur ba, tunda abincinsa ne. Amma idan yana son ya yi koyi da Binder, ya fara da abin da Binder ba ya hawa babur sai da shi, ka sa ya sayi hular kwano ta gaske mai rufe haɓa, ya riƙa ɗaure igiyarta, ko gwajin babur ɗin kwastoma zai yi daga shago zuwa bakin titi.

Ɗan Nima, Accra

Gaisuwa ga iyayena da yayyena na Kumasi. Ina da ja a wurare biyu, kuma ina neman afuwa tun kafin in fara. Na farko, Malam ya tsai da labarin a inda yake da daɗi. Tun daga wancan tseren ruwa na 2021 da Masta ya ba da labari, Binder ya shafe kakar 2022 da 2023 da 2024 da 2025 bai sake cin babban tseren Lahadi ba. Ya ci gajeren tseren Asabar sau biyu a 2023, ɗaya a Ajantina inda ya taso daga na 15, ɗaya a Jerez, ya kuma gama wannan kaka a matsayi na huɗu, wanda shi ne mafi kyau da ya taɓa yi a MotoGP. Amma da aka haɗa shi gareji ɗaya da Pedro Acosta a 2025, yaron da Binder ya girme shi da kusan shekara tara, Acosta ya bar shi nesa a kan babur iri ɗaya. Ya kamata ɗan ƙanwar Kawu ya san cewa a wannan sana'a kujerun babban aji 22 ne kawai a duniya, kuma kowace shekara akwai ƙaramin yaro da yake jiran taka. Ƙanen Binder ɗin ma, Darryn, ya hau MotoGP a 2022 kai tsaye daga Moto3, shekara ɗaya ya yi aka sauko da shi.

Na biyu, maganar cewa ɗan Afirka ne tana buƙatar a buɗe ta. Afirka ta Kudu tana da filayen tsere irin su Kyalami, tana da gasar cikin gida ta yara da ta manya, tana da tsofaffin zakaru da za su nuna wa yaro hanya, kuma ta karɓi gasar duniya a Welkom daga 1999 zuwa 2004, inda Valentino Rossi ya ci tserensa na farko a kan Yamaha. Daga wannan shekara gasar ba ta sake taka nahiyar nan ba. A Ghana kuwa babu filin kwalta na tseren babur irin wannan, saboda haka yaron Aboabo da yaron Potchefstroom ba wuri ɗaya suka tashi ba, ko da taswira ta haɗa su.

Sai dai ban yarda da Masta ba idan maganarsa tana nufin mu haƙura da kujerar mahayi har abada. Ku dubi Asiya. An kafa Asia Talent Cup a 2014, kuma daga cikinta Ai Ogura na Japan ya fito ya ci kambun Moto2 a 2024, Somkiat Chantra na Tailan kuma ya zama ɗan ƙasarsa na farko a MotoGP a 2025. Tailan ta fara karɓar tsere a 2018, Indonesiya ta dawo a 2022, saboda kamfanonin babura sun ga kasuwa a can sun zuba kuɗi. Mu ma nan sayen babur muke yi ba dare ba rana, daga Tamale har Ashaiman. Kuma tun 2021 akwai gasar MiniGP ta yara 'yan shekara 10 zuwa 14, da ƙananan babura masu inji 160, wadda ba ta buƙatar wani katafaren fili, ƙaramar da'irar kwalta ta tseren motocin yara ta isa. Wannan yaro mai shekara 17 ƙila ya makara, amma ƙanensa mai shekara 8 bai makara ba, idan masu shigo da babura da masu hannu da shuni na Zango suka ga dama.

Malamin Lissafi, Asawase

Ɗana na Nima, maganarka ta biyu na karɓe ta dukkanta, kuma da ma a ce masu shigo da baburan suna cikin wannan zaure. Ta farkon ce nake da gyara a kai. Gaskiya ne Acosta ya fi shi a 2025, babu mai musun wannan, amma shekarun da ka lissafa shekarun Ducati ne, masana'antar babura ta Italiya, wadda ta ɗauki kambun mahaya a 2022 da 2023 da Bagnaia, a 2024 da Martin, a 2025 da Marc Marquez, kuma a 2024 cikin tsere 20 guda ɗaya tak ya kuɓuce mata. A 2023 da 2024, idan ka cire masu hawa Ducati daga teburi, Binder ne na farko a cikin sauran. Laifin da nake gani nasa na kansa shi ne gudun share fage, domin sau da yawa yana tashi daga layi na huɗu ko na biyar, sai ya ƙone tayarsa wajen wuce mutane kafin ya ga na gaba, kuma a baburan yanzu masu fukafukai, bin bayan wani yana dumama tayar gaba har iskarta ta hau, wucewa ta yi wuya fiye da zamanin Jerez.

A 2027 doka za ta canja, inji zai sauko daga 1000 zuwa 850, za a rage fukafukai, za a hana na'urar da take durƙusar da babur a fitar kwana, kuma Pirelli zai karɓi samar da taya daga hannun Michelin. Irin wannan babur, a ganina, ya fi dacewa da mahayin da ya iya birki a makare kuma bai damu da babur yana zamewa a ƙarƙashinsa ba, sai dai a wannan shekara Binder zai cika 32, kuma masu tawagogi sun fi son su sa hannu da ɗan shekara 20 da ya fito daga Moto2 ya riga ya saba da tayar Pirelli.